Yadda ake ɗaukar ma'aikatan farko idan an buɗe sabuwar sana'a a Maraɗi

Tun ban gama shafa fenti a shagon da na kama haya a unguwar Zariya ba, labari ya riga ya zaga dangi cewa zan fara sayar da kayan sola. Cikin mako guda aka kawo mini yara biyar. Gwaggota ta aiko da autanta, limamin masallacinmu ya yi mini maganar ɗan ƙanensa, wani aminin mahaifina kuwa da kansa ya goyo nasa a babur, ya sauke shi ƙofar shago ya ce, "Ga ɗanka nan, na ba ka shi halak malak." Ƙarshen shekarar 2023 ne, Najeriya ta yanke mana wuta tun watan Agusta, kowa na neman faranti da batir, ni kuma kaina ya ɗau zafi. Na ɗauki uku daga cikinsu, alhali ko ni ban san aikin da kowannensu zai yi ba. Kafin wata huɗu biyu sun tafi, ɗaya cikin fushi, kuma har yau gaisuwata da Gwaggo ba ta koma yadda take da ba.

Abin da zan jero a nan shi ne yadda na sake shiri daga baya. Da shagon sola zan riƙa ba da misali don shi na sani, amma mai gidan burodi, da mai ɗinki, da mai injin niƙa, da matar da ta buɗe wurin sayar da abinci duk za su ga kansu a ciki.

Da farko, rubuta aikin tun kafin ka ga fuskar mai nema

Ka yi mako biyu kana tafiyar da sana'ar kai kaɗai, ko da taimakon wani na gida na ɗan lokaci, da ƙaramin littafi a aljihu. Duk abin da ka yi ka rubuta: buɗe shago da shara, sauke kaya, ciniki, zuwa gidan mai saye, bin bashi, lissafin yamma. Ka sa alama a kan duk aikin da ya tilasta maka rufe shago, da wanda ka yi shi ba daidai ba don ba fanninka ba ne.

Da na yi haka, ayyukana sun kasu kashi uku: tsaron shago da ciniki, haɗa kaya a gidajen mutane, sai kuɗi da lissafi. Wanda ya fi cin ni shi ne na biyu. Duk ranar da na hau rufin wani ina ɗaura faranti, shago a kulle yake, mai saye ya zo ya wuce wajen maƙwabci. Ashe mai haɗa kaya nake bukata da farko, ni kuwa na cika shago da masu zaman benci. Sauran ƙananan ayyuka ba sa bukatar ɗan albashin wata. Dako akwai masu kura da ƴan Adaidaita, ka biya su a kan kowane zuwa. Gadi kuwa, ku haɗa kuɗi da maƙwabtan layi ku ɗauki mutum guda.

Kowane aiki ka rubuta masa layi biyar ko shida: abin da za a yi kullum, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, abin da dole mutum ya iya tun ranar farko, da abin da za ka iya koya masa. Wannan ƴar takarda ita za ta cece ka ranar da Kawu ya zo.

Na biyu, lissafin abin da ma'aikaci zai ci maka

Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a Nijar jika 42 ne a wata, wato sefa 42,000, tun daga watan Janairun 2024. Kafin nan 30,047 ne. Amma wanda ya tsaya a kan jika 42 bai gama lissafi ba. Akwai kuɗin CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata na ƙasa: maigida yana zuba kashi 16.4 cikin ɗari na albashin daga aljihunsa, da ƙarin kashi 1 na hukumar samar da aiki ta ANPE, sannan a cire wa ma'aikaci kashi 5.25 daga nasa. A kan jika 42, naka ya kama sefa 7,308, nasa kuma 2,205. Ke nan mutum ɗaya yana cin maka 49,308 a wata, shi kuma ya riƙe 39,795 kafin a zo maganar harajin albashi. Ka faɗa masa wannan tun farko, don kada ƙarshen wata ya ƙirga kuɗi ya ɗauka ka zaftare masa.

Sai abubuwan da ba a rubuta a doka ba amma babu mai sana'ar da ya tsira daga gare su a garin nan: abincin rana, man babur, katin waya, goron sallah, da ranar da za a ce maka mahaifiyarsa tana asibiti. Ka ƙiyasta su ka ɗora. Kuma ka sani gwanin da ya iya aikin hannu da gaske ba zai zauna maka a kan mafi ƙanƙantar albashi ba. Idan ka matse shi zai karɓa yau, gobe ya fara ɗaukar aikin bayan fage da kayan aikinka.

Ra'ayina, kada ka ɗauki kowa sai kana da albashinsa na wata uku a ajiye, ware daga jari. Mu da kayanmu ke shigowa ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano mun ga abin da ya faru lokacin da aka rufe iyaka a 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kaya sun yi tsada, wasu ba sa samuwa sam, amma ƙarshen wata bai fasa zuwa ba.

Na uku, inda za ka nemo su, da yadda za ka yi da dangi

Ban ce kada ka ɗauki ɗan uwa ba. Wanda ke riƙe mini shago yanzu ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, kuma ban taɓa nadama ba. Abin da ya bambanta shi da na farko shi ne ta ƙofar da kowa ya bi ya shigo. Idan babba ya kawo maka yaro, kada ka ce a'a, kada kuma ka ce to. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na ji, kuma na gode da kuka tuna da ni. Ranar Asabar zan gwada duk masu son aikin, ku turo shi da safe. In ya dace da wannan, shi ke nan. In bai dace ba, zan sa ido in wani abu ya samu." Wasu za su ɓata rai. Ɓacin ran rana ɗaya ya fi sauƙi a kan ranar da za ka kori ɗansu, ko ka rasa bakin tambayarsa ina jika ashirin ta shiga. Kunyar da ta hana ka magana ranar ɗauka, ita za ta hana ka ranar asara.

Ban da dangi, ka leƙa wajen tsofaffin masu sana'ar. Kowane babban gareji ko shagon walda ko na lantarki yana da yaron da ya ƙware, maigidansa kuma ba shi da abin sallamarsa. Ka je wajen maigidan, ba wajen yaron ba. Wanda ya zare yaron wani ta bayan gida ya sayi gaba a kasuwa, kuma yadda ya zo maka haka zai bar ka. Akwai kuma ɗaliban da suka gama Lise Teknik Ɗan Kasawa da cibiyoyin koyon sana'a, ga na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ga mai neman wanda zai riƙe lissafi ko kwamfuta. Ofishin ANPE yana da rajistar masu neman aiki, kuma ta nan ne hanyar hukuma take. Sanarwa a zaurukan WhatsApp tana kawo mutane da yawa, sai dai rabinsu ba su karanta abin da ka rubuta ba. In za ka yi, ka faɗi aikin, da unguwa, da lokutan aiki, da ranar gwaji.

Na huɗu, hira da gwaji

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Hira ba ta wuce minti ashirin, kuma kowa ka yi masa tambayoyi iri ɗaya don ka iya kwatantawa. Ina ka yi aiki a baya? Me ya raba ku? Wa zan tambaya a kanka? Wace unguwa kake kwana, kuma da me za ka riƙa zuwa? Ka saurari yadda yake maganar tsohon maigidansa, don haka zai yi taka.

Akwai tambayar da baƙon Maraɗi ba zai san muhimmancinta ba: "In damina ta faɗi, gona fa?" Yara da yawa masu ƙwazo ƴan cirani ne daga ƙauyukan Madarunfa, Gidan Rumji, Mayahi ko Tasawa. Ruwan shuka na sauka, zuciyarsu ta koma gida, kuma ba laifinsu ba ne, geron shekara ne. Wanda ya gaya maka gaskiya cewa zai tafi shuka da noman fari, kuna iya shiryawa: ko ka ɗauke shi na rani kawai, ko ku yanka kwanakin da zai yi. Wanda ya rantse ba ya zuwa ko'ina alhali iyayensa tsofaffi ne a ƙauye, ka ƙara bincike.

Bayan hira sai gwaji, don gani ya kori ji. Ga yadda na gwada masu haɗa sola. Na shimfiɗa tabarma a bayan shago, na ajiye faranti ɗaya, batir, na'urar daidaita caji, ƙwan fitila, wayoyi ja da baƙi, da mita. Na ce, "Kunna mini fitilar nan." Mutum huɗu suka zo. Na farko bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya fara da haɗa faranti da na'urar caji kafin batir, wanda duk mai aikin ya san batir ake fara haɗawa. Na biyu ya haɗa daidai, amma ya bar bakin waya tsirara, ya watsar da guntaye a ƙasa ya miƙe yana kakkaɓe hannu. Na uku ya ɗauki na'urar ya jujjuya ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Maigida, irin wannan ban taɓa haɗa ta ba. Ku nuna mini inda batir ke shiga, sauran na sani." Na nuna masa. Ya auna batir da mita kafin ya taɓa komai, ya naɗe kowane baki da salatif, da ya gama ya tattara guntayen waya ya zuba a aljihu. Shi na ɗauka, kuma yana nan har yau. Mutumin da zai iya cewa "ban sani ba" a gaban wanda yake neman aiki wajensa, ba zai ƙona maka inbata a gidan mutane ya dawo ya ce dama lalatacciya ce ba.

Mai tsaron shago kuwa, gwajinsa lissafi ne. Mu da baki dala muke ƙirgawa, a littafi kuma tamma ake rubutawa (dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar), kuma nan yara da yawa ke faɗuwa. Ka ce masa an sayi kaya na dala ɗari uku da hamsin, an ba da jika biyu, ya ba da canji ya kuma rubuta. In ya rubuta 1,750 ya mayar da dala hamsin, ya wuce. Ka ƙara masa da mai saye da ya zo da naira. Sannan ka sa wani abokinka ya shigo a matsayin mai ciniki mai taurin kai, ya taya kaya da wulaƙanci, kai kuma ka koma gefe ka ga ko yaron zai riƙe fuska.

Duk wanda ya yini wajen gwaji ka ba shi kuɗin abinci da na mota. Waɗanda ba ka ɗauka ba ka kira su ka gaya musu, kada ka bar su suna zarya.

Na biyar, bincike da mai tsaya masa

Ka taka da ƙafarka zuwa wajen wanda ya yi wa aiki a baya. Mutanenmu ba sa son ɓata yaron wani, saboda haka ba za a ce maka ɓarawo ne ba. Ka tambaya, "Alhaji, da zai dawo yau, za ku sake ɗaukarsa?" In aka ce, "Wallahi da gudu," ka samu amsa. In aka yi shiru, aka gyara hula, aka ce, "To, yaro ne dai, sai haƙuri," ita ma amsa ce.

Ka san gidansu, ka karɓi hoton katinsa na ɗan ƙasa, ainihin katin kuma ka mayar masa. Sannan a samu babba guda, uba ko yaya ko malaminsa, wanda zai ce ya tsaya masa. Ka kuma duba shekaru: dokar ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai 14 ba, ko da sunan koyon sana'a ne.

Na shida, zaman yarjejeniya

A Maraɗi akwai hanyar da aka gada. Yaro ya zauna ƙarƙashin Alhaji shekara da shekaru, ba a yanka masa albashi ba, ana ci da shi, ana yi masa sutura, in ya isa aure a yi masa, ranar da ya ƙosa a sallame shi da jari. Manyan ƴan kasuwa da yawa na garin nan ta haka suka taso, ba abin rainawa ba ne. Rikici yana tasowa ne idan aka cakuɗa ta da aikin albashi. Kai a ranka kana biyansa wata-wata, ba ka da sauran nauyi. Shi da iyayensa kuwa suna jiran ranar sallama. Ko kuma kai kana ba shi ɗan na kashewa da niyyar za ka yi masa jari wata rana, shi kuma yana ƙirga watannin da ba a biya shi ba. Abin da ya haɗa ni da Gwaggo ke nan. Don haka ka faɗa da bakinka, gaban mai tsaya masa: wannan aikin albashi ne, ga abin da ke ciki, ga abin da babu. In kana da niyyar taimaka masa nan gaba, ka bar ta a ranka har ranar da za ka iya. Alkawarin da aka yi cikin daɗin baki shi ake kai wa gaban mai unguwa.

Sannan a rubuta. Dokar ƙwadago ta 2012 ta san kwantiragi iri biyu, mai wa'adi da marar wa'adi. Mai wa'adi dole a rubuce yake, kuma ba ya wuce shekara 2 a zubi ɗaya. Takardar ta ƙunshi sunan aikin, albashi da ranar biya, lokacin shiga da tashi, ranar hutu, da tsawon lokacin gwaji. Ni wata ɗaya nake sawa. Ka tuna awa 40 ne aikin mako a doka, abin da ya haura ana biyansa daban, akwai hutun yini guda cur kowane mako, da hutun shekara na kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki. Shagunanmu da ke buɗewa tun safe har bayan isha'i sun saba take wannan, amma ranar da aka je gaban sufeton ƙwadago, ba a tambayar abin da aka saba. Tunda Litinin da Juma'a ne kasuwar gari, ka sa ranar hutu a wata rana daban, kuma ku yi maganar lokacin sallar Juma'a da yadda aiki zai kasance da azumi.

Yawanci da Faransanci ake rubuta takardar. A karanta ta da Hausa layi-layi gaban shaida, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa. In ba ka san yadda ake tsara ta ba, ka je ofishin sufeton ƙwadago na jiha tun kafin a sa hannu.

Rajistar CNSS kuwa, na san da yawa suna kauce mata. Ni ma na yi jinkiri, har ranar da na ga ƙafar yarona ta zame a kan kwanon wani gida a Ali Ɗan Sofo, ya riƙe bakin katanga da hannu ɗaya. Allah ya kiyaye. Da ya faɗo, jinyarsa da zaman gidansa duk a wuyana suke. A cikin kuɗin da kake zubawa akwai kason haɗarin aiki, da na iyali, da na fansho. Ka je da takardar rajistar kasuwancinka da lambar harajinka ta NIF a ba ka lambar maigida, sannan ka shigar da ma'aikatan. Mai ma'aikata ƙasa da 20 wata uku-uku yake biya.

In mace za ka ɗauka, kuma a wajen riƙe kuɗi da littafi na ga matan da suka fi maza nesa ba kusa ba, a yi zaman da sanin mahaifinta ko mijinta, a tsayar da lokacin tashi kafin magariba, a kuma tanadi wurin salla da kewaye mai sutura. Doka ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, ka sa shi cikin lissafinka tun yanzu.

Na bakwai, watan farko

Kada hannu ɗaya ya riƙe kaya da kuɗi da littafi gaba ɗaya, ko da ɗan cikinka ne. Mai sayarwa ya rubuta rasit, kuɗi su shiga akwati, kai ko wani daban ya ƙirga kaya. Kowace yamma a haɗa rasit da kuɗi kafin a kulle, ko da kun gaji, ko da jika biyar aka yi ciniki. Mutumin kirki ma wannan tsari kariya ne gare shi, don ranar da wani abu ya ɓata ba za a kalle shi ba. Kuɗin da masu saye ke turowa ta Nita ko Amana ko Airtel Money su shiga lambar shago, ba ta yaro ba.

Abu biyu ka yanke hukuncinsu tun ranar farko. Bashi: babu mai ba da kaya bashi sai da izininka, ko wane ne ya zo, don abokan yaro da ƴan unguwarsu za su gwada shi a makon farko. Sai cin albashi kafin wata: ka sa iyaka, misali kashi ɗaya cikin uku, a rubuta, ya sa hannu. In ba haka ba ƙarshen wata zai zo ya tarar ba shi da komai, ya fita yana cewa aikin banza yake yi.

Makon farko ka riƙa aiki tare da shi, ka nuna, ya yi a gabanka, sannan ka sake shi. In ya yi kuskure ka ja shi bayan shago, kada ka tsawata masa gaban masu ciniki. Kai kuma ka biya ranar da ka ce, ko da za ka ranto. Maigidan da ke cewa "sai an yi ciniki" ya buɗe wa yaransa ƙofar biyan kansu da kansu.

Idan wata ya cika, ku zauna. In ya yi, ka gaya masa ya yi, ka faɗi abu ɗaya ko biyu da zai gyara. In bai yi ba, kada ka ja lokaci don jin nauyi. Ka fara zuwa wajen wanda ya tsaya masa ka yi masa bayani, sannan ka kira yaron, ka biya shi haƙƙinsa har na ranar ƙarshe, ka ba shi takardar shaidar aiki, ka karɓi makulli da kayan aiki a gaban shaida. Daga nan ka koma kan sunayen waɗanda suka zo gwaji, ka kira wanda ya zo na biyu. Shi ya sa tun ranar gwajin nake rubuta lambar kowa a bayan littafin shago, da ɗan bayanin abin da na gani a hannunsa.